San Kwari: Shekara Tara Bayan Yaya Lawal

Daminar nan ita ce ta tara da rasuwar yayana, Malam Lawal, mai horon shanun huɗa a Tafoki. Allah ya jiƙansa. Har yau in ruwan shuka ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi, sai in ji kamar zan jiyo muryarsa daga bayan gari yana yi wa shanu tsawa.

Yaya Lawal mutum ne mai barkwanci, ba ya ganin mutum bai laƙaba masa suna ba. A wurinsa mutane kashi biyu ne, kamar shanu biyun da ke cikin karkiya. Akwai san kwari, wato sa mai bin ramin da garma ta riga ta tsaga, kai a sunkuye, ba ya waiwaye. Akwai kuma san tudu, mai taka ƙasar da ba a taɓa ba, mai zafin nama da fizga. Limaminmu san kwari ne in ji shi, direban da ke kai mu kasuwar Ƙanƙara kuwa san tudu ne har da gyara. Ni tun ina firamare ya yanke mini hukunci: "Kai Bala, ko Makka aka kai ka, san kwari ne kai."

Akan yi dariya, ni ma in yi, amma wallahi maganar tana yi mini ciwo. Abin da na fahimta shi ne ni mabiyi ne, sai an tsaga mini hanya nake iya tafiya. Na girma na zama malamin makaranta, kuma duk lokacin da aka taso da zancen ba ni wani muƙami sai in noƙe. In ce a raina, wanda ya fi kowa sanina ma ya riga ya faɗa.

A bana aka tura mu wata bita a Katsina, aka ce kowa ya yi gwajin hali a wayarsa. Tambayoyi ne birjik: in ka shiga taro kai ke fara magana ko saurare kake yi? Ka fi son a tsara abu tun da wuri ko a yi shi yadda ya zo? Da na gama, waya ta ce ni mai shiru-shiru ne, mai son tsari da cika alkawari, amma ina gudun fito-na-fito. Na tuntsire da dariya har na kusa da ni ya waiwayo. Ina ma Yaya yana nan! Na san cewa zai yi, "Wato sai da waya ta gaya maka?" Sannan ya ƙwace ta ya sa duk 'yan majalisarsu su amsa tambayoyin, ya yi gardama da rabin sakamakon. Matar da ta jagoranci bitar ta ce babu halin da ke hana shugabanci, abin nema shi ne ka san naka, ka nemo wanda zai cike maka giɓi. Na ji, amma na ɗauke shi zancen taro.

Ba a jima ba aka ce in je in shugabanci wata firamare a wajen Damari. An taɓa rufe ta saboda rashin tsaro, an sake buɗewa, amma iyaye na ɗari-ɗarin mayar da yara. In ba a samu mai riƙe ta ba, rufewa za a sake yi. Na ƙudurta cewa a'a zan ce, sai dai na fara biyawa Tafoki in gaida matar marigayin, Yaya Hajara. Na tarar tana ɓarar gyaɗa, na zayyana mata komai, na ƙare da cewa ai maigidanta ya sha faɗa, ni san kwari ne.

Ta ajiye faifan ta riƙe haɓa. "Au, maigida ƙarami, duk shekarun nan abin da ka ɗauka ke nan? Kaico! Yayanka yakan sai da san tudu kowace shekara, amma ka taɓa ganin ya kai san kwari kasuwa? In wanga sa ya karkace, kuyyar gona duka ta karkace. Sabon maraƙi ma a gefenshi ake ɗaure shi ya koyi tafiya. San kwari shi ke jan aikin, surutu ne kawai bai iya ba."

Rashin sani ya fi dare duhu. Yaya ya ɗauka duk ɗan gidanmu ya san wannan, ni kuwa makaranta ta ɗauke ni tun ban isa riƙe garma ba.

Na karɓi aikin. Na roƙi a haɗa ni da wani Malam Nura, matashi mai wutar ciki, wanda a da nake kauce wa saboda yawan musunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ke bin gida-gida yana kai ruwa rana da iyaye, ni kuma nawa shi ne kullum safiya a tarar da ƙofa a buɗe, allo a share, ko da yara ba su cika benci biyu ba. Muna saɓawa, wani lokacin har in ji kamar in tattara in koma gida. Amma yara suna dawowa a hankali.

Da Yaya zai leƙo Tafoki yau, da ya yi baƙin ciki. Da yawa sun sayar da shanunsu don tsoron ɓarayi, turakunsa ma babu komai a kansu sai ciyawa. Shanun sun tafi, amma yadda yake kallon mutum ya ga inda zai yi amfani bai tafi ba, ga shi ina cin moriyarsa a wurin da bai taɓa takawa ba. Abu ɗaya ne ke tsaya mini a rai. Shekara da shekaru bawan Allahn nan yana yabona a gaban jama'a ina jin haushinsa, har ya koma ga Mahaliccinsa ban ce masa na gode ba.

Na gode, Yaya. Allah ya kai haske kabarinka.