Bular da Na Sa wa Kyanwar Mama

Ni ne na yi kuskuren, kuma ni ne na yi shiru a kansa. Shirun ya fi kuskuren muni.

A shekarun da gwamnatin Ingila ta tsuke bakin aljihu, aka rufe gidan yinin tsofaffi da nake shara a cikinsa a unguwar Longsight ta Manchester. Karatuna bai wuce sakandare ba, don haka na daɗe a zaune kafin in samu aikin kula da wata tsohuwa Baturiya a gidanta, bayan Stockport Road. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗana. Mijinta ya rasu. Ɗanta na cikinta yana Birmingham, kullum yana matsa mata ta bar gidan ta koma gidan tsofaffi kusa da shi, wai ta fara mantuwa. Ita kuwa ta ƙi, saboda a can ba a shiga da dabba, kuma kyanwoyinta su ne rayuwarta.

Kyanwoyi ne masu dogon gashi launin azurfa, irin waɗanda ake kaiwa gasar kyau. A idona duk farare ne masu ɗan toka, sai da ta zaunar da ni.

"Hura gashin, ɗana, ka duba gindinsa," in ji ta.

Na hura, gashin ya buɗe. Kowane sili fari ne daga gindi, baƙin yana can sama. In baƙin ya tsaya a kan tsinin kawai, kamar an barbaɗa mata kwalli daga nesa, wannan ita ce chinchilla, ni kuwa na sa mata suna mai yayyafi. In ya ɗan gangaro har bayanta ya yi duhu, na ce mai mayafi. In ya cinye kusan duka silin, ka ɗauka baƙa ce sai ta motsa farin ya leƙo, wannan mai hayaƙi.

"Amma gindin dole ya zama fari fat," in ji Mama. "Can ake gane gaskiyar kyanwa."

A gida matata ba ta bar ni na huta ba. "Baban yara, ashe abin da ya kawo mu Ingila ke nan, taje gashin kyanwa? In 'yan'uwa sun tambaya in ce me?"

"Ki ce ina aikin azurfa."

"To, maƙerin farfaru, wanke hannu kafin ka taɓa mini tuwo."

Da aka sa ranar gasa a Birmingham, Mama ta zaɓi mai yayyafinta da ta fi so. Sai dai gashin ƙirjinta ya ɗan yi rawaya, mun wanke mun wanke ya ƙi fita. Hannuwan Mama sun sandare da ciwon gaɓoɓi, don haka ni nake yin wankan, tana zaune a falo tana ba da umarni.

Ni ɗan mai wanki da guga ne. A Kano na tashi ina ganin mahaifina yana tsoma farar babbar riga a ruwan bula ta fito tana ɗaukar ido. Fari in ya dushe, bula ce maganinsa, kowa a gidanmu ya san haka. Na saya a wani kanti a Rusholme, na ɗan barbaɗa a ruwan ɗauraya na ƙarshe. Ban gaya wa Mama ba. So nake in burge ta.

Da gashin ya bushe, kyanwar ta fito kamar auduga. Mama ta dafe ƙirji. "Me ka yi mata?"

"Hannu ne kawai, Mama," na ce, ina jin kaina wani.

Ni na tuƙa mu zuwa Birmingham, ɗanta ya same mu a zauren gasar. Ƙa'idarsu ita ce a sa kowace kyanwa a kejinta, masu su su fita, alƙalai su duba. Alƙaliyar kan goge hannunta da ruwan magani kafin ta ɗauki kowace kyanwa. Da hannu mai danshi ta buɗe gashin ƙirjin tamu. Gindin da ya kamata ya zama fari fat ya yi shuɗi-shuɗi, har ya bar alama a tafinta. A wurinsu, canza launin kyanwa maguɗi ne, babu wani suna da suke ba shi.

Aka kira Mama gefe, a kan idon ƙawayenta na shekara da shekaru. Ta ce ba ta sa komai ba. Aka nuna mata farin ƙyallen da aka goga a gashin, ya yi shuɗi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo wurina. Ba zargi ne a idonta ba, taimako take nema.

"Ɗana, ko na sa wani abu na manta?"

Na tuna watannin da na yi a zaune, na tuna yarana, na ga ɗanta yana kallona. Na ce, "Ban sani ba, Mama."

A hanyar dawowa, da muka kusa Manchester, ta juyo ta dube ni. "In har zan iya yin wannan ban sani ba," in ji ta, "to me kuma nake yi ban sani ba?"

Daga ranar ta daina yarda da kanta. Ta kan kashe murhu ta koma ta duba, ta sake komawa. Da ɗanta ya sake tayar da maganar gidan tsofaffi, ba ta yi musu ba. Aka raba kyanwoyin ga mutane, mai hayaƙi nan, mai mayafi can. Ni na ɗauki mai yayyafin na sa a motar wata mata da ban sani ba. Aikin da na yi ƙarya don in riƙe, ya tafi tare da su.

Matata ce ta ga sauran bular a aljihun rigar sanyina. Ba ta yi tsokana ba wannan karon.

"Kai ne ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah. Ka sa baiwar Allah tana zargin hankalinta. Ka je ka faɗa mata."

Na ce zan je. Sanyi ya wuce, wani ya zo, ina cewa zan je. Kunya ce, kuma kunya ba ta raguwa don an jinkirta.

Ranar da na je, mantuwar da aka laƙaba mata ta riga ta zama gaskiya. Na same ta a wani gidan tsofaffi a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, zaune gefen taga, hannunta yana shafa bargon da ke cinyarta a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Na gaishe ta, ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo.

"Kai ne mai gyaran taga?"

"A'a, Mama. Ɗanki ne mai wanke kyanwoyi."

Ba ta gane ba. Na san abin da na zo mayar mata ba shi da sauran inda zai zauna. Duk da haka na durƙusa a gabanta kamar yadda nake yi wa mahaifiyata.

"Mama, ba ke ba ce. Ba ki sa komai ba, ba ki manta komai ba, ranar nan hankalinki lafiya lau yake. Ni na sa mata bula, kika tambaye ni na ce ban sani ba. Na sani. Na cuce ki, Mama. Ki yafe mini."