Hannun Auta

Auta ƙanena ne, ciki ɗaya, kuma har furfura ta fara tsiro masa ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna. Ni na goya shi, don haka ina da damar faɗin gaskiya a kansa: taurin kai gare shi, amma cikin sanyin murya. Ka yi ta faɗa yana cewa "to", kana juya baya ya ci gaba da abinsa.

Aikinsa na farko duba tikiti ne a jirgin ƙasa, kuma a can zane ya kama shi. Yana da wani ɗan akwatin fentin ruwa mai shiga aljihu, da 'yar kwalbar ruwa. Jirgi na tsayawa a tasha abokan aiki su bazama neman shayi, shi kuwa ya zauna a bakin ƙofar tarago ya ɗora takarda a cinya. Haka yake dawo mana da gadoji, da mata zaune a kan kayansu suna jira, da duwatsun da ban san akwai irinsu ba. Na farko-farkon dai, Allah ya sani, sai ya yi mini bayani nake gane saniya ce ba tebur ba. Amma a hankali ya ƙware. Ranar da na kalli zanen wata tasha bayan ruwan sama na ji ina tattare gefen rigata kada ta jiƙe, ranar na daina yi masa tsiya.

Fentin ruwa yana son buroshi mai tsini, jirgi kuma ba ya jiran kowa. In bakin buroshin ya baje, Auta ba ya neman tsumma, sai ya sa a leɓe ya murza, ya fito da shi kamar allura. Kullum bakinsa da launi. Matarsa takan ce, "Yaya, dubi ɗan'uwanki, ya fi ni shafa jan baki." Mu yi ta dariya. Dariyar nan ce take ba ni haushi yanzu.

Da ya bar aikin jirgi sai ya kama ɗakin da ke bayan shagon ɗinkina, ya koma fentin mai. Ɗaki ne mai taga ɗaya, cike da gwangwanaye da warin kananzir ɗin da yake wanke buroshi. Ya ɗaure ƙyalle mai kauri a katako, ya zaro tsofaffin takardun tafiyarsa, ya mayar da su manya. Ya sha wuya kafin ya gane kan abin, don fentin mai ba ya son gaggawa, in ka ɗora sabo kafin na ƙasa ya bushe sai ya tsattsage. Da ya gane kuwa, mutane suka fara sallama a ƙofar. Abin da ke jan su farinsa ne: ƙyallin layin dogo a rana, kumfar ruwa a gindin gada, hayaƙi yana bajewa. Farin da ake sayarwa a haɗe bai gamsar da shi ba. Wani farin gari mai nauyi yake sayowa wurin mai kayan fentin gini, ya kwaɓa da mai a kan gilashi. Siraran layukan nan da ƙaramin buroshi yake jansu, ya goge a tsumma, ya kai baki kamar yadda ya saba.

"Wai ba ɗaci?" na tambaye shi.

"Zaƙi-zaƙi ma yake yi, Yaya."

Wani mai otal ya ba shi aikin da ya fi kowanne girma, gada a kan kogi da jirgi yana wucewa, wanda za a rataya a ɗakin karɓar baƙi. Yana cikin aikin ciwon ciki ya fara murɗa shi, muka ɗora wa abinci laifi. Sai mantuwa. Sai fushi, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya daka wa matarsa tsawa a kan cokali. Na fara kwana da abin a raina, amma ban san me zan kira shi ba.

Wata safiya na kai masa shayi. Ya miƙo hannun dama ya karɓa, kofin ya tarwatse a ƙasa. Na buɗe baki zan yi masifa, sai idona ya sauka a kan hannun. Daga wuyan hannu zuwa yatsu ya saki, yana reto kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Ɗaga shi," na ce.

"Kwanciya na yi a kai, zai sake."

"Auta, ɗaga shi na ce!"

Ya zuba wa hannun ido, gumi ya keto masa a goshi, ko yatsa bai motsa ba. Tare muka yi rashin iyayenmu da shi, amma ban taɓa ganin tsoro a idonsa irin na safiyar nan ba.

A asibiti wata likita ta ɗaga leɓensa, ta nuna mini wani siririn layi mai duhu a dasashinsa. Ta tambaya ko yana gyaran batir, ko yana haƙar ma'adinai. Na ce mai zane ne. Ta hango ƙaramin buroshi a aljihunsa, ta tura masa takarda.

"Malam, nuna mini yadda kake aiki."

Ya ɗauka da hannun hagu. Kafin ya taɓa takardar buroshin yana bakinsa. Gwajin jini ya tabbatar da abin da ta zarga: dalma ce a cikin farin garin nan, shekara da shekaru yana lasar guba kaɗan-kaɗan.

"Jinin za mu iya wanke shi," in ji ta. "Hannun kuwa, Hajiya, ba zan yi muku ƙarya ba. Na wani yakan dawo, na wani ba ya dawowa."

Gwangwanin garin na kai asibiti da kaina, ni da matarsa muka wanke ɗakin tas. Ya dawo gida a rame, ya zauna gaban zanen mai otal. Komai ya kammala sai farin, kuma ba farin nan gadar ta zama kamar fuska ba ido. Ya gwada da hagu, abin ya fito kamar wasan yara. Mai otal ya yi ta leƙowa yana haƙuri, daga baya ya daina tambaya, gaisuwa kawai yake yi, wannan kuwa ya fi tambayar tayar mini da hankali. Wata rana ina taka keken ɗinki na ji muryarsa ta bayan labule.

"Yaya, in ban iya zane ba, ni mene ne?"

Na ƙara wa keken gudu kamar ban ji ba.

Ma'aikaciyar da ke motsa masa hannu a asibiti ce ta nuna mana cewa in aka tallafe wuyan hannun, yatsun suna iya riƙe abu. Ta ba shi wani abin roba mai ɗauri, ya ce ya yi tauri, buroshi yana son hannu ya juya. Shi ke nan aikin ya dawo kaina. Da safe in rufe shago, in tsaya a damansa, in tallafe wuyan hannun da tafina. Ya ce "sama", in bi, ya ce "a hankali, Yaya, ba ɗinkin buhu ba ne", in haɗiye fushina in bi. Da farin da likita ta yarda da shi muke aiki, bakinsa kuma a rufe, don na rantse zan ɗinke shi. Dogon ya fara ƙyalli. Kogin ya fara motsi.

Amma akwai abin da nake yi ban gaya masa ba. In na ga hankalinsa ya tafi cikin zanen, sai in sassauta tafina kaɗan, in ji ko hannun zai tsaya da kansa. Da na ji nauyinsa yana zubowa sai in yi maza in tare. Kullum kuma nauyin nan yana nan.

Rannan muna kan kumfar ruwa na ji kamar wata jijiya ta motsa a ƙarƙashin yatsata. Na zare hannuna gaba ɗaya. Hannun ya tsaya kamar ƙiftawar ido, sannan ya faɗi, buroshin ya ja farin layi daga gindin gada har tsakiyar kogi.

Na tsaya ina jiran tsawa. Ya daɗe yana kallon ɓarnar, sannan ya yi magana bai waiwayo ba.

"Na san kina saki, Yaya. Kullum ina ji."



"Gobe ma ki saki," ya ce. "Ranar da na ji kin daina, zan san kin fid da rai."

Na ɗauko tsumma na goge layin, na sake tallafe hannun.