Tokar da Na Hana Baba Kwashewa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Isa, wanda mutanen ƙauyenmu da ke bayan Ungogo suka fi sani da Isa mai jakai. Duk shekara idan watan rasuwar ya kama nakan yi masa sadaka, in kira yayana Sale a waya mu yi masa addu'a, in koma harkata. Bana abin ya ƙi wucewa haka. Na zauna na kasa, na tashi na kasa, shago ma sai in buɗe in tsinci kaina ina kallon titi har mai saye ya gaji da sallama. Dalili kuwa gonar da ya bar mana ce. An zo saye, kowa a gidanmu ya yarda, ni kaɗai ake jira, kuma mai sayen yana son amsa kafin ruwa ya sauka.

Ga waɗanda suka buɗe ido a zamanin adaidaita sahu, bari in faɗi aikin Baba. Da rani, ana idar da sallar asuba, yakan ɗora wa jakansa uku itace da kara ya kora su birni. Idan ya sayar ba ya juyowa haka nan. Sai ya bi lungu-lungu yana kwasar tokar murhu da kashin awaki da sharar da ta ruɓe a juji, ya cika mangala, wato jakar nan mai baki biyu da ake rataya wa jaki, ya kamo hanyar gida. Kafin la'asar ya zube su tsibi-tsibi a gona, gobe ma haka, har bazara ta shigo. Ƙasarmu rairayi ce, an daɗe ana nomanta ba hutu, don ba mu da dajin da za mu ƙara shiga. Inda gonarka ta ƙare nan ta maƙwabcinka ta fara. Ba don takin nan na birni ba, da ko tsabar da muka shuka ba za mu mayar ba.

Yana da wata ɗabi'a da ban taɓa ganin wani da ita ba. Duk ranar da aka yi suna ko aure a gidanmu, tokar girkin ranar ba ya haɗa ta da sauran taki. Da kansa yake share ta, ya kai gindin wani gawo da ke kusurwar gabas ta gonar, ya turbuɗe da fartanya. Ba camfi ba ne, ba ya tofa komai a kai, bisimilla kawai yake yi. Innarmu ta taɓa tsokanarsa a kan haka, sai ya ce, "Hayaƙi ya yi sama, nama ya shiga cikinku, ita ma gonar a ɗanɗana mata mana. Ai ita ta yi hidimar." Tokar sunan Sale tana can, tawa tana can, ta ƙannenmu mata biyu duk tana can.

Ni ne wanda aka sa a boko, ni ne kuma wanda birni ya karɓa. Na samu aikin akawu a wata masaƙa, na kama ɗaki ciki da falo, na koyi sa takalmi sau-ciki da duba agogo ko ba ni da inda zan je. Na auri Rabi, 'yar wani Alhaji dillalin shanu a cikin birni, mutanen kirki masu faɗin hannu. Ban yi musu ƙarya a kan sana'ar Baba ba. Na ce manomi ne, kuma manomin ne. Jakan da jujin ne dai ban ambata ba, kuma na sha yin kwana a titi idan na hango ayarin jakai daga nesa, don kada in tarar nasa ne.

Da Rabi ta haifi 'yarmu ta fari, Hauwa, sai na ƙudura cewa sunan nan zai nuna wa kowa na zama mutum. Baba ya zo a mota, cikin farar rigarsa ta Salla, ba jaki ba mangala, har na ji sanyi a raina. Aka raɗa suna, aka yanka rago, mata suka kafa manyan murhu uku a lungun ƙofar gida. Bayan azahar an ci an sha, surukaina suna zaune a kan tabarmi ana hira, sai na ga Baba ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya zaro wani buhu a ninke daga aljihu, yana tambayar inda tsintsiya take.

Na isa gabansa da sauri. "Baba, me za ka yi?"

"Tokar nan zan kwashe, ai ta huce."

"Haba Baba, a gaban mutane? Don Allah ka bari. Nan birni ne, akwai masu shara."

Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke kan tabarma, ya sake duba na. Sai ya ninke buhunsa a hankali ya mayar aljihu, ya saki hannun riga. "To, Malam akawu," in ji shi, "an bari." Bai taɓa kira na da wannan suna ba sai ranar, bai kuma sake ba. Ya yi sallama da kowa cikin fara'a, ya sa wa jaririya albarka, ya tafi tasha tun kafin la'asar.

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya bayan nan, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na haifi wasu 'ya'yan, ya zo sunayensu, amma bai ƙara zuwa da buhu ba. Da masaƙa ta rufe aka sallame mu, na shekara biyu ina zaga gari da takardu a hannu, geron gonar nan ne ya riƙe gidana. Duk kaka sai ga buhuna sun iso, ba wasiƙa ba gori. Muna cin tuwon ina sane da abin da ya fitar da shi daga ƙasa, amma bakina ya yi nauyi. Kullum ina cewa idan na je Salla zan ba shi haƙuri. Na je Salla sau da yawa, muka yi hirar ruwa da farashin gyaɗa, har ranar da aka kira ni aka ce in taho, jikin ya yi tsanani, na kuma isa an riga an yi masa wanka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Birnin da yake takawa tun asuba kafin ya isa, yanzu shi ya tako ya same mu a gida. Gonar maƙwabcinmu ta kudu an yanka ta fuloti-fuloti, ta arewa har an tare, da tankin ruwa a kan rufi. Jujin da Baba yake rububi da abokansa a kai ya koma tulin leda, wanda ya kwaso ya zuba a gona sai ya wuni yana tsince, iska na rataya sauran a jikin kara. Takin zamani kuwa ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi. Ina jin da zai tsaya a bakin juji ya girgiza kai, ya ce mutanen birni yanzu ko sharar kirki ba su iya ba. Amma ban tsammanin zai zauna yana zagin zamani. Baba ba mai dogon ƙorafi ba ne, da ya nemo inda ake sauran girki da itace ya ƙulla abota da matan gidan.

Sale ne ya riƙe gonar tun bayan rasuwar, kuma shi ya fara kawo maganar sayarwa. Da na ce ban yarda ba, bai ɗaga murya ba, amma ya faɗa mini abin da ya hana ni sukuni. "Kai kana birni," ya ce, "kana son gona kamar yadda ake son hoto a bango. Ni ne a cikinta. Awakin sababbin gidajen nan sun cinye mini wake bara, masu babur sun fitar da hanya ta tsakiyar kunyoyi, gwiwata kuma ta fara gardama. Ƙannenka mata suna son nasu su rufa wa kansu asiri. In kana so a bar ta, to zo ka kama fartanya." Gaskiya ya faɗa. Rabona da huɗa tun ina makaranta, hannuna ya yi laushi kamar na mai sayar da atamfa.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Hauwa, wadda aka yi wancan sunan dominta. Watan jiya aka ɗaura. Rabi ta ɗauko masu girkin haya, suka zo da manyan tukwanen gas, komai tsaf, ba hayaƙi ba baƙin tukunya. Ina tsaye ina kallonsu sai wani abu ya taso mini, na ce lallai a kafa murhu ɗaya a waje a dafa tukunya ɗaya da itace. Masu girki suka ce ɓata lokaci ne. Rabi ta dube ni, ta ce musu, "Ku yi masa yadda ya ce." Bayan an watse daga cin abinci, sababbin surukaina ba su gama tafiya ba, na naɗe hannun babbar rigata na durƙusa da tsintsiya da buhu. Wani daga cikin baƙi ya matso yana cewa, "Alhaji, haba, bar wa masu shara mana." Na ce masa wannan tawa ce. Ina sharewa ƙwalla na zubo mini, na bar mutane suka ɗauka toka ce ta shiga idona.

Washegari da hantsi na sa buhun a bayan adaidaita sahu na nufi gida. Na tarar da Sale a gona yana tsince leda. Ya leƙa buhun, ya gane, bai yi dariya ba. Muka taka zuwa gindin gawo, wanda yanzu katangar wani ke tsaye taku goma daga gare shi. Na ce masa, "Yaya, na kawo ta auren Hauwa. Ta sunanta ni na hana a kawo, ka sani ko ba ka sani ba."

Sale ya ce, "Ashe har yau ba a gaya maka ba? Ta sunanta ai tana nan ƙarƙashin ƙafarka. Kwana ɗaya bayan sunan, direban garinmu ya sauke buhu a ƙofar gida, ya ce saƙo ne daga mai jego. Matarka ta ji ku ta taga, ta sa gwaggonta ta share. Ni na riƙe wa Baba buhun ya zazzage. Na sauran yaranka ma duk haka ta yi ta aikowa."

Na ce me ya sa ba wanda ya faɗa mini.

"Baba ya hana. Ya ce a ƙyale ka, kunya za ta yi maka yawa."

Na zauna a ƙasa da rigata mai tsada. Shekara ashirin da biyu ina ɗauke da abin nan, ashe 'yar birnin da nake ɓoye wa jakan Baba ita ta fi ni sanin darajarsa, shi kuma wanda na kunyata a gaban jama'a, tawa kunyar yake tattali. Da na koma gida na tambayi Rabi, ba ta ko ɗago daga tsintar shinkafa ba. Ta ce, "Dattijo ya zo da buhunsa tun daga ƙauye, ya koma da shi wayam? Ai ba a yi haka ba."

Ranar a gona na fara zazzage tokar a sama, Sale ya riƙe hannuna. "Ba haka yake yi ba, iska za ta kwashe." Ya miƙo mini fartanyarsa. Na yi sara bai fi goma ba numfashina ya fara sama-sama, tafin hannuna ya tashi, shi kuwa yana tsaye yana kallo bai karɓa ba. Da na gama turbuɗewa na ce masa a ba ni damina ɗaya. In na iya, a sayar da sauran a raba wa kowa haƙƙinsa, a bar mini rabona ta wajen gawo in noma da hannuna. In na kasa, ni da kaina zan kira dillali.

Ban san ko zan iya ba, shi ya sa har yanzu hankalina bai kwanta ba. Jakan Baba sun daɗe da mutuwa, mangalolin gara ta cinye, hanyar da yake bi ta zama kwalta, wataƙila gawon ma wata rana a sare shi a yi ɗakin haya a wurin. Abin da na tabbatar bai tafi ba shi ne halin nan nasa na komawa ya gode wa abin da ya ciyar da shi, ko ana kallo ko ba a kallo, da rufa asirin wanda ya saɓa masa. Na ga halin a wurin Sale, na gan shi a wurin Rabi da ba jininsa ba. A wurina ne ban gan shi ba tukuna. Allah Ya jiƙan Malam Isa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya yafe mini abin da ban roƙe shi ba yana da rai.

Na sayi fartanya, tana jingine a bayan ƙofar shago, abokan ciniki suna ta yi mini ba'a. Jiya hadari ya haɗu ta gabas, Sale ya kira ya ce Asabar za a fara share gona, in kuma rana ta ɗaga bai gan ni ba, ba sai na wahalar da kaina da kiran dillali ba, yana da lambarsa. Na ce masa ya ajiye mini kunu, a can zan karya.