Sawun Sa a Makwancin Gauraka

Kafin a san ni da sata, da surutu aka san ni. A wani ƙauye na bakin tabkin Madarumfa aka haife ni, kuma ni mutum ne mai son gida, in ba ranar kasuwa ba da wuya ka gan ni nesa da ƙofarmu. Lakwal, wato makarantar boko, ban daɗe ba, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. In na ji kukan tsuntsu sau ɗaya sai in maimaita shi har tsuntsun ya waiwayo. Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni, gonarsa nake nomawa da san huɗarsa.

A ƙarshen fadamar Kawu akwai wani lungu mai ciyawa da ruwa wanda muke ce wa makwancin gauraka. Tsofaffi sun ce da can gauraka garke-garke suke sauka a tabkin nan. A zamanina sai ƴan kaɗan, kuma wurin nan kaɗai suke yin ƙwai da damina. Shi ya sa manoma da Fulanin rugar da ke bayan gari suka yi alƙawari gaban mai gari: manomi ba zai sa garma a lungun ba, makiyayi ba zai shigar da shanu ba, har sai ƴaƴan sun tashi sama. In an yi girbi kuma, karan gonakinmu na shanun ruga ne, su ci su bar mana taki. Wanda ya tsaya wa Fulani a maganar nan Ja'e ne, dattijo mai ƙarancin magana, abokin Kawu tun suna samari.

A tashar Ɗan Issa na haɗu da wani mai suna Na-Allah. Ina zaune wurin mai shayi ina yi wa mutane kukan gauraka suna dariya, sai ya matso ya ce, "Kai, wanga makogwaro naka dukiya ne, kana ta ɓarnar shi kyauta." Ya ce gashin gauraka kawai yake so, wanda ya faɗi ƙasa da kansa. Na ce a raina, wanda ya faɗi ai ba na kowa ba ne. Na tsinto na kai masa, ya sallame ni da abin da ya fi ƙarfin gashi.

Bayan gashi sai ya ce ƙwai. Wai masu kuɗi a ƙetaren iyaka suna son gauraka su riƙa yawo a tsakar gidajensu, kuma in an sa wa agwagwa ƙwan za ta ƙyanƙyashe. Na ce masa akwai alƙawari a kan wurin. Ya yi dariya ya ce, "Da kai aka yi alƙawarin? Kana da gona ne, ko kana da saniya?" Maganar ta sosa ni, don gaskiya ba ni da ko ɗaya.

Matsalar ita ce taɓon fadama ba ya ɓoye sawu, kuma ƙafata kowa ya san ta a garinmu. Sai shaiɗan ya koya mini dabara. Ranar kasuwa da rana tsaka, gari ba kowa, na ja san Kawu kamar zan shayar da shi, na shiga da shi lungun. Na kwashe ƙwai, na riƙa zagayawa da shi yana tattake sawuna har ya murƙushe sheƙar. Uwar tana gefe tana kuka, ni da na iya kukanta na san abin da take faɗi.

Washegari gari ya ɗauka: shanun Fulani sun shiga makwanci. Aka kira Ja'e gaban mai gari. Ya je ya duba wurin, ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, sa ɗaya ne ya shiga nan. Shanunmu ba su tafiya ɗaya-ɗaya, kuma ba su zagaye wuri guda kamar an ja su da igiya." Wani ya ce daga baya, "To tashi ya yi ya sauka daga sama?" Aka yi dariya. Ni ma ina cikin masu dariyar, har na fi kowa. Ja'e ya rantse, ba a karɓa ba. Ya dubi Kawu ya ce, "Idi, kai ma?" Kawu ya sunkuyar da kai. Da kaka ta yi, wasu manoma suka kwashe karansu suka ɗaure, wasu ma wuta suka sa masa don kada shanun ruga su ci. Ja'e ya tashi da iyalinsa da shanunsa ya yi wajen garin Sarkin Yamma, sauran ƴan ruga suka bi shi.

Da babu mai tsaron lungun ta gefen daji, sai aikina ya yi sauƙi. Damina ta zagayo, na bar ƙwai na koma manya. In ɗana tarko cikin ciyawa, in ɓuya in yi kukansu, su zo da ƙafarsu. Na-Allah ya nuna mini inda ake karya fiffike don kada tsuntsu ya sake tashi har ya mutu. Na yi da hannuna, ba sau ɗaya ba.

Ranar da dubuna ta cika, na ɗaure biyu cikin buhu a bayan moto, wato babur, na naɗe musu baki da tsumma. Daidai shingen ƴan duwan, masu binciken kaya a hanyar iyaka, tsumman ɗaya ya kwance, ya saki kukan nan nasu da ake ji daga nesa. Wani ɗan duwan ya ce, "Malam, geron naka yana kiran ƴan'uwansa." Suka miƙa ni ga ma'aikatan gandun daji, daga nan sai jandarma, sai alƙali, sai gidan kaso. Na-Allah ban sake ganin ko ƙeyarsa ba.

Kaso ba wurin mai son gida ba ne. Ga zafi, ga cunkoso, ga tuwon da ba ka san da me aka yi shi ba, kuma surutuna da ake so a gari, can cewa ake yi in rufe wa mutane baki. Kawu sau ɗaya ya zo. Bai zauna ba. Ya ce, "Ba maganar tsuntsu ta kawo ni ba. Ranar nan, wa ya kwance sana?" Na ce ni ne, Kawu. Sai ya ce, "Da dabbata ka raba ni da abokina." Ya ajiye mini ƙullin ƙuli-ƙuli ya fita.

Da aka sake ni ban kwana biyu a gida ba na tafi neman Ja'e. Na same shi bakin rijiya, shanunsa sun ragu, shi ma ya rame. Na durƙusa na faɗa masa komai, na ce Baffa ka yafe mini. Ya ci gaba da jan guga har ya cika kwamin shan ruwan shanu, sannan ya ce, "A nan daji kake ba ni haƙuri, daga ni sai shanu? Gaban jama'a aka ce mini maƙaryaci. Can za ka je ka faɗa."

Ran Juma'a bayan an sauko, na tsaya ƙofar mai gari, Ja'e yana gefe da sandarsa. Jama'a suka taru. Na faɗi yadda na ja san, da yadda na yi dariya. Wani ya tofar da yawu, wata tsohuwa ta ce Allah ya isa. Mai gari ya miƙe da kansa ya ba Ja'e hannu ya ce gari ya zalunce shi. Kawu ya matso ya riƙe hannun rigar Ja'e.

Ruga ta dawo bayan gari, an sake ɗaura alƙawarin, an bar lungun. Gauraka kam daminar bara biyu suka sauka, suka yi ƴan kwanaki suka tashi ba su yi sheƙa ba. Muna jiran bana. Ni kuwa an hana ni kusantar wurin, kuma ban ga laifin kowa ba.

Matasa, ga abin da zan ce muku. Duk wanda ya zo yana yabon wata baiwa taku, yana tambayar ina kaza yake kwana, ina yake ƙwai, ku ce ba ku sani ba, ku je ku gaya wa manya tun abin yana gashin da ya faɗi ƙasa. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku ɗauke ta da kanku, kada ku bar wani ya tsaya yana rantsuwa a kanta kuna kallo. Alƙali ya yanke mini wa'adi, na gama shi na fito. Ja'e ya ce ya yafe, kuma na yarda da shi. Amma har yau in muka haɗu a hanya, sai ya amsa sallamata, ya matsar da shanunsa gefe guda har in wuce.