Kukar da Iya ta je nema a Birmingham

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu, ba na jin zan manta da ranar da muka kai kakata kallon furanni a wani lambun Jafanawa da ke gefen Birmingham. Shekaru sun ɗan ja yanzu, amma har yau in na ga ruwa kwance shiru sai gabana ya faɗi.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Yayata ta haihu a Manchester, inda mijinta ke karatun digiri na uku. Da yake kakarmu ce ta raine mu tun rasuwar mahaifiyarmu, ita aka ɗauko don zaman jego, ni kuma aka haɗo ni da ita in riƙa kula da ita. Iya muke ce mata. Mun sauka ana tsakiyar sanyi, a wani flat na saman bene a Whalley Range, cikin wani tsohon gida babba da aka yayyanka.

Iya ba ta san zaman ɗaki ba. A gida tun asuba tana tsakar gida, ta yi shara, ta ba awaki dusa, ta leƙa maƙwabta. A nan kuwa sai kujera a bakin taga, ta lulluɓa da bargo tana kallon titi. Itatuwa ne suka fi damunta. Kullum sai ta ce, "Wane irin gari ne wannan, bishiyoyi duk tsirara kamar an yi gobara?" Cin abinci ma ta rage. Garin kukar da muka zo da shi ya ƙare, wanda aka sayo a shago kuma ta ɗanɗana ta ce ƙasa aka niƙa. Mu dai dariya muke yi. Yaya da mijinta har sun fara shawarar a nemi ƙarin wa'adin zamanta, saboda GP, wato likitan unguwa, yana duba mata hawan jini.

Da sanyi ya fara sassautawa, wata rana mijin Yaya ya dawo daga jami'a da labari. Ya ce, "Akwai wani garden na Jafanawa a wajen Birmingham, yanzu ne lokacin furensa. Weeping plum suke ce wa bishiyar, wato mai kuka, don rassanta a sunkuye suke."

Iya ta juyo daga taga. "Kuka? Akwai kuka a ƙasar nan kuka bar ni ina shan ƙasa?"

Yaya ta ce, "Iya, ba irin taku ba ce, sunan ne kawai."

"Ke tafi can. Kuka ai kuka ce, ko a ina ta tsiro. Yaushe aka haife ki?"

Muka ƙyale ta, don rabon da mu ga idonta ya yi haske haka tun saukarmu.

Ranar tafiya ta riga kowa shiri. Ta sa atamfarta ta fita unguwa, ta ɗora rigar sanyin Yaya, ta ninke wata baƙar leda ta cusa a aljihu wai ta ganye. A mota ba ta yi shiru ba. Ta ba mu labarin kukar da ke bayan gidansu a ƙauye, wadda mutum biyar ba sa rungume ta, yadda ake hana su bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana saboda mutanen ɓoye, da yadda marigayi kakanmu ke tsayawa a gindinta yana jiran ta wuce rijiya. Har yau in na rufe ido ina jin muryarta a bayan motar nan, jaririn na barci a gefenta.

Lambun kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙananan hanyoyi na dutse, gada 'yar ƙarama, tafki mai manyan kifaye ja da fari, sai wani fili na tsakuwa da aka taje shi layi-layi kamar kitso. Bishiyoyin ba su da ganye ko ɗaya, fure ne kawai, fari da ruwan hoda, rassan sun zubo har ƙasa kamar labule. Ga wani ƙamshi marar ƙarfi, sai iska ta kaɗa kake jinsa.

Iya ta tsaya ta dube su sama da ƙasa. "Wannan ce kukar?"

Mijin Yaya ya ce, "Ita ce, Iya."

"Wannan ko jikar kuka ba ta kai ba. Ƙanana suka sa a bakin ƙofa, babbar na ciki."

Muka yi dariya muka ci gaba. Can jaririn ya fara rigima, Yaya ta koma wajen shan shayi ta ba shi nono, mijinta ya bi ta. Na zaunar da Iya a wani benci, na matsa gaba kaɗan ina ɗaukar furen hoto. Da na waiwayo, bencin babu kowa.

Da farko ban damu ba. Na leƙa bayan duwatsu ina kira a hankali, saboda wurin shiru ne, kowa raɗa yake yi. Na hau gadar don in hango nesa, sai idona ya sauka kan ruwa. Baƙar ledar nan ce ke yawo a tsakiyar tafkin.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Na ruga bakin tafkin. Iya ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, ba ta da waya, ga duwatsun bakin ruwan duk santsi. Wata Baturiya mai aiki a wurin ta rugo tana tambayata, amma duk Turancin da na yi shekara shida ina koya ya gudu. Nuna ruwan kawai nake yi ina cewa, "Iya! Iya!" Yaya ta iso da jariri a kafaɗa, mijinta ya fara cire takalmi zai faɗa tafkin. Ni abin da ke yawo a kaina shi ne me zan ce wa mutanen gida, ni da aka ba amana.

Ina cikin zagaye kamar mahaukaciya na ga sawu a kan tsakuwar nan da aka taje, inda aka kewaye da igiya ba a shiga. Sawun ya ratsa ta tsakiya ya nufi wata bishiya a lungu, wadda ta fi sauran girma. Na tsallake igiyar, na buɗe rassan da hannu.

Tana zaune a ƙasa ta jingina da gindin, fure ya zuba mata a mayafi. Hannuwanta sun yi sanyi ƙarara. Na faɗa jikinta ina kuka.

Ta ce, "Ja'ira, rage murya, kin tara mana Turawa."

"Iya, mun zaci kin faɗa ruwa!"

"Ledar ce iska ta ƙwace. Na je har ƙarshen katanga, babu babbar kukar. Da na dawo sai ƙafa ta ƙi, na ce bari in fake a nan." Sai a lokacin na lura fuskarta jiƙe take. Ban taɓa ganin hawayen Iya ba, ko ranar da aka fita da mahaifiyarmu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ina jin kiranki, so nake fuskata ta bushe tukuna. Ki gaya wa yayarki, ni ba zan iya ba, tana da ɗanyen goyo, ga mijinta na ta ɗawainiya. Kada su bari in mutu a ƙasar nan."

Aka kamo ta aka kai ta wurin ɗumi, Baturiyar ta kawo mata shayi da bargo, ba ta ko yi maganar tsakuwar da muka tattake ba. Muka kama hanyar komawa Manchester. Washegari na samu Yaya a kicin na faɗa mata. Ta ajiye cokalin da ke hannunta ta ce, "Ni da nake ganin gata nake mata."

Ba a nemi ƙarin wa'adin ba. Muka koma gida kafin damina, Iya ta yi sauran shekarunta a tsakar gidanta, kuma a ɗakinta Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙanta.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, tsoho ba ya buɗe baki ya ce wa masu yi masa hidima ya gaji, kunya ba ta barinsa. Da wasa yake faɗa, da ƙorafi kan ƙananan abubuwa. Tun daga nan in babba ya yi maganar da ta ba ni dariya, sai na zauna kusa da shi na tambaye shi abin da yake nufi.