Dardumar da Na Shimfiɗa wa Kwamfutar Kamaluddeen

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Kamaluddeen Maradun bayan gajeriyar jinya, yana da shekara arba'in da shida. Ni na koyar da shi lissafi a sakandare, ni kuma na fara ɗora hannunsa a kan kwamfuta.

Kamaluddeen, masu yabonka sun yi yawa, kuma ba su yi ƙarya ba. Sun tuna yadda kake saɓa jaka ka hau babur zuwa Faru da Dakko, ka yi wa 'ya'yan manoma rajistar jarrabawa a gindin bishiya. Duk lokacin da aka ba ni irin wannan labari nakan ce madalla, amma zuciyata ba ta faɗa tare da bakina. Tawa na'urar ba ta hawa babur.

Da na yi ritaya na sayo tsohuwar saba a gwanjo, wato babbar kwamfutar da ma'aikatu ke amfani da ita. Furosesa biyu gare ta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, sai mutum biyu sun kama take ɗaguwa, in ta tashi kuma sai ka ce injin markaɗe. Shekara bakwai da ita nake fitar da sakamakon jarrabawar makarantun Talata Mafara da Bakura. Sai ga ka da laftof wadda ba ta fi littafin rajista kauri ba, furosesa guda tak, ba janareta, ba ƙara. Shugabannin makarantu suka fara zancenka a gabana. Ba abin da ya fi ci mini rai irin yadda kake durƙusawa ka gaishe ni, kai ba ka ma san muna takara ba.

Ni na nemi a gwada na'urorinmu biyu, a bazarar 2023, a shagona. Aiki ɗaya: takardun sakamakon ɗalibai dubu uku, kowace da hotonta. Madam Dorcas, shugabar wata makaranta a nan Mafara, ita ta riƙe agogo, shugabanni huɗu na kallo. Na san a gajeren aiki furosesarka za ta bar tawa a baya, domin shekara goma ce tsakaninsu. Na kuma san ƙaramar kwamfuta ta ƙasa take shaƙar iska, in ta yi zafi sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Saboda haka na zaɓi dogon aiki, na zaɓi bayan azahar, sannan na ninke darduma mai gashi na shimfiɗa a kan tebur, na ce baƙuwa ba ta zama a kan katako. Kowa ya yaba da karamcina.

Minti goma na farko ka yi mini nisa. Daga nan taka ta soma ja da baya. Tawa ta gama a minti talatin da ɗaya, taka a talatin da huɗu. Ka ɗaga ta, ka taɓa ƙasanta, ka dubi dardumar, ka dube ni. Abin da ka ce kawai shi ne, "Malam, ashe tsohuwa na nan da ƙarfinta. Allah shi ƙara albarka." Aikin makarantun Bakura ya ci gaba da zama a hannuna.

Bayan wata biyu fankar sabar ta mutu ana tsakiyar aiki. Kai ka je Gusau ka samo wata, ka ɗaura da hannunka. Na yi godiya, amma har wannan ma na yi maka kishinsa: ka fi ni na'ura, ka kuma fi ni hali. Sau da yawa na yi niyyar neman gafararka, girman kai ya ce in bari sai wani zuwan.

Bayan addu'ar bakwai na roƙi 'yarka Hamdiyya ta kawo laftof ɗin, na kira Madam Dorcas da agogonta. Muka maimaita aikin a kan tebur tsirara. Tawa ta sake yin minti talatin da ɗaya. Taka ta gama a goma sha huɗu. Hamdiyya ta ce, "Baba Malam, ai ya san haka. Ya hana mu faɗi ne."

To ni na faɗa yau, a rubuce, domin duk wanda ya ji ni ina alfahari da wancan gwaji ya san gaskiya: Kamaluddeen ne ya ci. Na tsaya a sahun jana'izarka na ga jama'a har bakin hanya, na yi kishin wannan ma, kuma shi kaɗai ne kishin da ba na jin kunyarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Malama Murja, da Hamdiyya da ƙannenta, da jama'ar Maradun, ina kuma roƙonsu yafiyar da na makara ban roƙe ka ba. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Malam Ɗan Juma
Talata Mafara