Tofin da Ban Shafa Ba

Shekarar da agana ta sauka a ƙasarmu ina aiki a wani ƙaramin ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a wajen Tudun Wada. Ba a daɗe da ba ni farar riga ba, don haka kaina yana ɗan rawa. Mutanen ƙauye suna ce mini likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba, alhali aikina bai wuce wanke gyambo da raba ƙwaya da tafasa allura ba. A wancan zamani, daga Doguwa har Bebeji, in ka ambaci asibiti sai tsofaffi su ce Allah ya tsare.

Da ciwon ya yi yawa aka kafa rumfunan zana a bayan gari, nesa da rijiya, aka ce duk wanda ƙuraje suka feso wa a kawo shi nan. Aka turo mana wani babban nas daga Kano, dogo, marar fara'a, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana faɗa. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya ɗaga ƙafa. Rigar da ka shiga rumfa da ita ba ta shiga gari, sai an tafasa ta. A bakin zana akwai daro cike da ruwan magani mai kalar nono da wari mai hawa kai, da jan sabulu, da buroshi na goge farce. In ka taɓa majinyaci, hannunka ba ya zuwa fuskarka sai ya bi ta daron nan. Wanda ya rasu kuwa, tabarmarsa da tufafinsa wuta ce rabonsu. Yakan ce mana, "Hannunku jaki ne. Abin da aka ɗora masa shi zai kai gida." Na ji haushin mutumin nan sosai, amma na san gaskiya yake faɗa.

Ni an yi mini lamba, wato rigakafin agana, tun a makarantar koyon aiki, tabon yana nan a dantsena, don haka ba kaina nake ji ba. Matata ce ta haihu a tsakiyar wannan annoba, 'ya mace, tana wankan jego a gidana, gwaggona tana kula da ita. Ruwan lamba kuma ya ƙare mana, muna ta jiran mota ta kawo daga Kano. Kullum in na koma gida sai na tsaya a zaure na tuɓe na sake wanka, sannan na leƙa jaririyar daga bakin ƙofa. Gwaggo tana ta mita, wai tunda aka halicce ta ba ta taɓa ganin uba mai ƙyamar 'yarsa ba.

Na aika Kiru a gaya wa malamina haihuwar. A hannunsa na tashi. Mahaifina ya kai ni wurinsa ban fi tsayin allo ba, shi ya koya mini baƙi da wasali, matarsa da muke kira Inna ita ta yi mini wanka har na iya da kaina. Da na shiga boko bai yi fushi ba, sai zolaya. In na je gaishe shi yakan ce, "Ga likita nan, ku ɓoye dantsenku." Da gaske yake yi, don duk sanda masu lamba suka shiga ƙauyensu sai ya tuna yana da aiki a gona. Na yi masa magiya ya yarda a yi masa, har na gaji. Yana da wata al'ada da duk ɗalibansa suka sani: in za ku rabu sai ya kama tafukanka biyu, ya yi addu'a, ya tofa a ciki, ka shafa a fuska. Ban taɓa barin gabansa ba tare da wannan ba. Ya kuma sha faɗa a gaban mutane cewa buzun da yake zama a kai nawa ne bayan ransa.

Ya taso a kan jaki, shi da Inna, don ya raɗa wa yarinyar suna. Tun a Kwanar Dangora zazzaɓi ya rufe shi, da ciwon baya, amma ya ƙi komawa. Da suka iso na tare su a bakin gari, na dubi goshinsa, na ga abin da nake gani kullum a rumfa ya fara tsirowa. Ban kai shi gidana ba. Na juya akalar jakin da hannuna muka nufi bayan gari. Bai ce komai ba sai, "To, likita, yau kuma ni ne ɗalibin." Inna an bar ta ta zauna da shi, domin ta yi agana tana yarinya, fuskarta duk zanzana ce. Sunan kuma limamin unguwa ya raɗa.

Ciwon bai zo masa da sauƙi ba. Ƙurajen suka haɗe, fuska ta kumbura har idanu suka rufe, bakinsa ma ciki duk su ne, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Ni nake goge masa jiki ina juya shi, don ban yarda wani ya yi ba. Wata safiya na gama, na ce masa zan leƙa gida na dawo. Sai ya laluba ya kama tafukana biyu, kamar yadda ya saba. Ya daɗe yana addu'a, muryar can ƙasa, ya roƙa wa yarinyar da bai gani ba rayuwa mai albarka. Sannan ya tofa.

Na tsaya da hannuwa a buɗe. Ina jin danshin a tafina, ina ganin fuskar jaririyata a zuci. Inna tana kallona. Babban nas ba ya nan, ya tafi wata rumfa, ba wanda zai ce mini kanzil. Malam ya ce, "Ka shafa?"

Da na ce e, da ya kwanta hankalinsa kwance, ba ya gani. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba, kuma bakina ya ƙi. Na ce, "Allah gafarta Malam, ban shafa ba."

Ya saki tafukana. Na miƙe na fita, hannuwa a gaba kamar mai ɗauke da garwashi. Daron nan kuwa a jikin zanar rumfarsa yake, tsakaninsa da kan Malam bai kai tsawon tabarma ba. Na tsoma hannu a hankali don kada ruwan ya yi ƙara, amma buroshi ba ya shiru. Na goge tafi, na goge tsakanin yatsu, na goge farce, yadda aka koya mini, ban rage komai ba. Ina gogewa ina kuka, ina kuma jin haushinsa, don da ya yarda an yi masa lamba da ba mu zo nan ba. Har yau ina jin kunyar wannan haushin fiye da wankin kansa.

Da na dawo da yamma na gaishe shi ya amsa, amma hannuwansa suna cikin mayafi. Washegari ma haka. In zan fita sai ya ce, "Allah ya yi albarka," daga kwance, bai ƙara neman tafina ba. Na so na yi masa bayani, na ce ba shi nake ƙyama ba, sai na ga kamar ina ƙara masa ciwo ne. Na ce bari ya ɗan samu sauƙi. Bai samu ba. Ya cika da hantsi, ina can ɗakin shan magani ina tafasa allura.

Bayan an kai shi, aka tara kayansa a bayan rumfa: tabarma, mayafi, rawani, da buzun. Na tsaya a kansu da ashana a hannu na kasa. Raina yana ce mini na naɗe buzun na ɓoye a wani wuri, in shekara ta zagayo na ɗauko, wa zai sani? Ina cikin wannan tunani Inna ta zo ta tsaya kusa da ni.

Ta ce, "Ɗan nan, ya bar maka saƙo."

Na ce, "Inna, da fushina ya tafi ko?"

Ta ce, "Ni ban san wannan ba, bai faɗa mini ba. Abin da ya ce kawai, alkawarin buzu ya warware shi. Ya ce ka ƙone shi da hannunka, kada ka kuskura ka kai gida, akwai jinjira."

Na durƙusa na kyasta ashana. Gashin tunkiya yana da ƙauri in yana ci, ya cika wurin, Inna ta ja mayafi ta rufe hanci. Na jira sai da komai ya zama toka, sannan na je daron na wanke hannuna.

Motar Kano ta iso bayan haka ba da daɗewa ba, ni na yi wa 'yata lamba da kaina. Ta girma fuskarta sumul, yanzu har ta yi jikoki. Na yi shekara da shekaru ina koya wa sababbin nas wankin hannu, kuma na zama mai tsanani fiye da dogon mutumin nan na Kano. In suka tambaye ni ko dokar tana da togiya, ce musu nake ba ta da ita, kuma na yarda da abin da nake faɗa. Amma ban taɓa samun wanda zai gaya mini dalilin da Malam ya ɓoye hannuwansa a mayafi ba, ko don ya kare ni ne, ko don na ɓata masa rai. Inna na ƙara tambayarta sau ɗaya kafin ta rasu. Ta ce shi dai ya ji ƙarar ruwan daron.